Tambaya: Hiace ɗin shagonmu za ta iya jan tirelar doki?

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota da waɗanda suka san doki, in an dace da wanda ya haɗa biyun, to madalla.

Ni da Yayana muna sayar da abincin kaji, shagonmu yana Sabon Garin Zariya. Muna da Hiace ɗin nan da ake ce wa Homa, ƙirar 2010, injin fetur 2TR, giyar hannu, an cire kujerun baya tun ranar da aka kawo ta. Aikinta kullum shi ne kwasar buhuna daga sito zuwa gonakin kaji a Samaru, Basawa, Shika da Dakace, wani lokaci har Giwa. Da sunan shago aka yi mata takardu, kuma a hannun Yaya suke.

Ni kuma ina da doki ɗaya, akawali, ingarma ɗan ƙasa. Yana duƙushi na sayo shi daga Mai'aduwa, a hannuna ya girma. Hawan Sallah da na Bariki da Daushe ba su da matsala, da ƙafarsa yake zuwa daga barga har Ƙofar Fada. Inda nake shan wahala shi ne in gayyata ta fito daga wajen gari: hawan angwanci a Kaduna, naɗin sarauta a Ikara ko Makarfi, ko abokai su kira mu Kano. Sai mun haɗa kuɗi mun ɗauki hayar Kanta, a nemi tudun da za ta ja da baya ta jingina, a zuba yashi a ciki, a jera dawaki biyar ko shida kai da gindi. Kuɗin haya ya tashi tun da mai ya yi tsada, kuma direban da ya ce ƙarfe shida, sai rana ta take za ka gan shi. Fitarmu ta ƙarshe wani kili ya harbi nawa a cinya a cikin mota, sai da ya daɗe yana ɗingishi. Tun daga nan raina ya fita daga Kanta.

To, wani abokina da ke hulɗa da 'yan folo a Kaduna ya nuna mini wata ƙaramar tirelar doki da ake son sayarwa. Tsohuwa ce, daga Ingila aka shigo da ita, mai cin doki biyu, taya huɗu, ƙofar bayanta tana sauka ƙasa doki ya taka ya shiga. Ta jima a ajiye ƙarƙashin darbejiya, amma jikinta bai lotsa ba, kuma farashin bai fi ƙarfina ba.

Na kai motar wajen wani mai walda, ya leƙa ƙasanta ya ce aikin yini ɗaya ne. Zai samo ƙarfe mai kauri ya lanƙwasa ƙugiya, ya liƙa ta a bayan bamba, shi ke nan. Ya ce motar da ke ɗaukar buhu arba'in ba ta yi nishi ba, doki biyu ai wasa ne. Arba'in ɗin gaskiya ne, 25kg kowanne, tan ɗaya ke nan cif.

Abin da nake son sani: injin zai iya, ko zan kashe wa Yaya kuloci? Ƙugiyar waldar nan ta isa? Kuma in na ɗauki nawa, abokina ma zai so a sa nasa, wani babban ɗan Sudan ne. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah a taimaka.

Bakaniken Muciya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kwarbai, kafin komai ka dakatar da mai waldar nan, in ka ba shi kafin alƙalami ma ka bar masa ya sha shayi.

Tambayarka ta farko ita ce mai sauƙi. 2TR lita 2.7 ne, zai ja. A giya ɗaya ko Starlet ma tana iya motsa tirelar nan a kan kwalta. Abin da ke kashe mutane a jan kaya shi ne tsayawa, da kuma inda aka ɗaura abin da ake ja. Buhu arba'in ɗinka a cikin mota suke, nauyinsu a kan tayoyinta yake, yana danne su ƙasa, birki yana ƙara kamawa. Tirela kuwa a baya take, in ka taka birki turo ka take yi. Ka ɗauka ka sauko daga gadar Kwangila, ɗan acaɓa ya faɗo maka, ka take. Motar ta tsaya, abin da ke bayanta mai nauyin fiye da tan ɗaya bai san an tsaya ba. Gindin Hiace in babu kaya ba shi da nauyi, kuma da tayoyin baya take tafiya, sai tirelar ta ture gindin gefe, ku naɗe.

Shi ya sa masu ƙera mota suke rubuta lamba biyu. A Ostareliya, inda aka sayar da irin taka da yawa, abin da Toyota ta rubuta wa mai giyar hannu shi ne 1,400kg in tirelar tana da birkinta, 400kg kacal in ba ta da shi. Ka dubi tazarar da ke tsakani. Taka motar za ta iya bambanta bisa ga ƙasar da aka yi wa ita, don haka ka nemi farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin kujera. In ta Turai ce za ka ga lambobi huɗu a jere: na farko iyakar nauyin mota da kayanta, na biyu iyakar mota haɗe da tirela, na uku da na huɗu na gatarin gaba da na baya. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne abin da aka yarje maka ka ja.

Ita ma tirelar tana da nata farantin a kan ƙarfen gaba. Don ka san inda za ka sa rai, tirelar doki ƙirar Ifor Williams HB506, wadda ta cika Ingila, 920kg take ba komai a cikinta. Ka ga tun doki bai shiga ba an cinye fiye da rabin lissafin.

Sai maganar ƙugiya. Bambar Homa roba ce, abin da ke bayanta kwano ne marar kauri. Ƙarfen ja na gaskiya a ƙarafunan shasi biyun nan na ƙasa ake ɗaure shi, da kusoshi masu noti, a ramukan da kamfani ya tanada, kuma yana zuwa da nasa farantin da ke faɗin ƙarfinsa. Walda tana iya riƙewa yau da gobe, amma kowane rami da kowane taka birki yana lanƙwasa wurin kaɗan kaɗan, har ranar da zai tsage a gefen ɗinkin, kuma ba ya sallama. Sannan tirelar Ingila ba ta hawa ƙugiya ma sam. Bakinta ƙwallon ƙarfe yake kamawa, mai faɗin milimita 50. A nan ma a yi hattara da 'yan gwanjo: ƙwallon Amurka na inci 2 milimita 50.8 ne, akwai kuma na inci ɗaya da bakwai bisa takwas wanda bai kai 48 ba. Da ido duk ɗaya suke. Babban ba zai bari bakin ya kulle sosai ba, ƙaramin kuma zai yi ta ƙwal-ƙwal har ya fice a gargada. Ka je da abin awo.

Birkin irin wannan tirelar da kansa yake kamawa. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, sai wani bututu a gabanta ya shige ciki, ya ja sanda, sandar ta ja wayoyi zuwa tayoyi huɗun. Dabara ce mai kyau, amma wadda ta yi damina da yawa a ƙarƙashin bishiya, na yi maka alkawari wayoyin sun ci tsatsa sun ƙage. Ka ɗaga ta a jak, ka ja birkin hannunta, ka juya kowace taya da hannu. Wadda ta juya, babu birki a nan. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, in ta yi wasa boris ya tafi. Akwai kuma wata 'yar siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda in tirela ta ɓalle take fizgo birkin. Mutane suna cire ta don suna ganin tarkace ce.

Tayoyi kada zanen su ya ruɗe ka. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanen bai cinye ba. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2314 na nufin mako na 23 a 2014. In ta wuce shekara shida zuwa bakwai, ka sa kuɗin sababbi a cikin cinikin.

Sarkin Zagi Na Tudun Wada ya rubuta:

Hhhh. Ɗan Kwarbai, ni tambayata ɗaya ce. In ka dawo da daddare, ta ina za ka shigar da Homa da jela a lungun gidanku? Lungun da in mai kura ya shigo sai mai mashin ya koma da baya? Ka fara neman inda za ka ajiye ta a wajen ganuwa tukuna. Kuma ka je filin ƙwallo ranar da babu yara ka koyi ribas, don in ka murza sitiyari dama, ita hagu take nufa.

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Sarkin Zagi, Allah ya shirye ka. Akwai filin wani kawuna a hanyar Gwargwaje, can za ta zauna.

Oga Bakanike, Allah ya saka da alheri, ka buɗe mini ido. Na duba motar, ta Dubai ce, farantin bai nuna lamba ta biyun da ka ce ba, kuma littafinta bai zo da ita ba. Na sa abokina ya goge farantin tirelar da tsumma da ɗan fetur ya turo mini hoto: 880kg ba kaya, 2,000kg iyaka. Ya ja birkin hannun ya ce ya tafi har ƙarshe ba tare da ya ji ya kama komai ba, yara biyu ma suka tura ta ta gangara. Daɓen cikinta katako ne, an shimfiɗa baƙar roba a kai. Ya ce robar lafiya lau.

Yanzu yadda zan san nauyin dokin ne ya rage. A ido na ba shi 400kg, amma mai doki kullum ƙara wa nasa yake yi.

Likitar Dabbobi Samaru ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam, an yi maka bayanin ƙarfe, bari in yi maka na mai rai, don shi ne ba a sayo masa safaya.

Nauyi tukuna, ba sai da sikeli ba. Ka ari tef ɗin tela. Ka zagaye ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, bayan ƙafafun gaba, ka rubuta da santimita. Sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Abin da ya fito shi ne kilo, kusa da gaskiya ƙwarai. Yawancin dawakinmu na gida tsakanin 300 da 400 suke faɗawa, 'yan Sudan da na Ajantina da ake folo da su sun fi haka.

Robar da abokinka ya yaba ita ce ta fi tayar mini da hankali. A ɗage ta gaba ɗaya. Fitsarin doki yana bi ta gefe ya kwanta a ƙarƙashinta, katako ya ruɓe daga ciki alhali samansa na sheƙi. A sa sukundireba a caka ko'ina, musamman inda ƙafafun baya ke tsayawa da bakin ƙofa, a kuma kwanta a leƙa ta ƙasa. In ya nutse ko kaɗan, a canza daɓen duka. Doki yana tsaye ne a kan kofato huɗu, duk nauyinsa a ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, kuma ƙafar da ta ɓurma ƙasa mota na tafiya, direba ba ya ji. Ba na son in bayyana abin da ake tararwa in an tsaya.

Game da doki biyu, ko da lissafin nauyi ya yarda, ni ban yarda ba. Ingarma biyu da ba su saba ba, kai da kai a wurin da bai fi faɗin gado ba, shingen tsakiya ba zai hana cizo ba sai in yana da kariyar kai. Kai da ka gudu daga Kanta saboda harbi. In shi kaɗai ne, ka sa shi a ɓangaren hagu, bayan direba. Titi yana da ɗan tudu a tsakiya yana gangarawa gefe, mu kuma dama muke bi, don haka nauyi ya zauna a ɓangaren da ke sama. Turawan Ingila dama suke sa nasu saboda su hagu suke bi, kada wani ya nuna maka bidiyonsu ya rikita ka.

Wajen shigarwa akwai tsari, kuma a nan ake yawan jin ciwo. Ya shiga, a rufe sandar baya, a ɗaga ƙofa, sannan a ɗaure kai. Wajen fitarwa a kwance kai tukuna kafin a taɓa sandar. Dokin da aka ɗaure wa kai ya ji baya a buɗe, ja zai yi da dukkan ƙarfinsa, ko ragama ta tsinke ya faɗa ta baya, ko ya yi tabarya ya fasa goshi da rufi. Da ragama zai yi tafiya, ba linzami ba sirdi. Igiyar kuma kada a ɗaure ta tamau sama. Doki yana bukatar sunkuyar da kai don majina da ƙura su fito. In aka rataye kansa awanni, abin yana gangarawa huhu, kwana ɗaya ko biyu bayan tafiya sai zazzaɓi da tari. Ka sayi ma'aunin zafi ka ajiye a barga. Lafiyayye yana tsakanin 37.5 da 38.5, in ya haura bayan tafiya kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan kusa da kai.

Tsayuwa a tirela aiki ne a wurinsa, kowace kwana da kowane birki da ƙafafunsa yake tarewa. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, ba wani abu ba ne, Kano ta kusa ninka haka, amma kada a sauke shi a ɗora masa sirdi da kayan ado nan take. A ba shi ruwa, a zagaya da shi, ya huta. A watan Maris da Afrilu kuwa, akwatin nan tanda ne da rana tsaka. Ku fita bayan asuba, tagogi a buɗe. Kada a cika shi da gero ko dusa kafin tafiya, harawa ta isa, a ɗan yayyafa mata ruwa saboda ƙura. Ruwan gida za ku ɗauka a jarka, wasu dawakin ba sa shan baƙon ruwa. A duba inda salansar motar ke hura hayaƙi, kada ya zama cikin tagar gaban tirela yake shiga.

Kada ranar tafiya ta zama ranar da zai fara ganin ta. A ajiye ta maƙale da mota, a riƙa ba shi abinci a bakin ƙofa, gobe a ciki kaɗan, har ya shiga da kansa. Bulala da taron samari masu ihu ba sa shigar da doki, sai dai su koya masa tsoron wurin har abada. Allurar sa barci kuma ba ta mai kemis ba ce; dokin da ke layi ba ya iya riƙe kansa a kwana. Yaron barga a gaban mota zai zauna, ba a cikin tirela ba, ko ya roƙe ka.

Baba Na Ƙofar Doka ya rubuta:

Ɗana, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Na ji bayanin Bakanike da na Likita, duk sun yi gaskiya, Allah ya yi musu albarka. Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne motar ba taka ba ce kai kaɗai. Ka ce takardu suna hannun yayanka. Ya sani? Ba cewa za ka yi "Yaya zan ɗan ari mota ranar Asabar" ba. Ka zaunar da shi ka gaya masa za a huda shasi a ɗaura ƙarfe, za a ja abin da ya fi tan, kuloci da birki za su riƙa ci da wuri, kuma in ta kwana a hanyar Kano ranar Lahadi, Litinin masu kaji ba za su ji uzuri ba. Ku yanke tun yanzu wa zai biya gyara. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba, kuma sha'awar doki, ka yi haƙuri, wanda ba ya hawa ba ya ganin ta da daraja. A wurinsa wasa ne kake yi da jarin gida.

Inshorar da yawancinmu ke yanka, mai arhar nan, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan motarka, balle doki. Kuma an yanke ta ne a kan motar ɗaukar kaya; ka je ka gaya musu za ta ja tirela, su rubuta maka a takarda. Haka lasisi, aji-aji ne, ba kowanne ya halatta jan tirela ba. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin VIO da na Road Safety ka tambaya, da maganar lambar da za a liƙa a bayanta, tun kafin a tare ka a Jaji da doki yana haniniya a cikin rana.

Sannan ka yi lissafin da mai kasuwa ke yi. Sau nawa kake fita a shekara? Ka tara kuɗin tirela, da taya huɗu da safaya, da daɓe, da birki, da ƙarfen ja, ka raba da kuɗin haya. In abin da ya dame ka cunkoso ne, ka ɗauki Kantar ku biyu ko uku maimakon shida, a ɗaura itace tsakanin kowane doki, a zuba yashi da kauri, ka zauna gaba kusa da direba ka hana shi gudu. Mu da muka yi hawa shekaru haka muka yi, kuma na kusa irin su Giwa da Soba ma da ƙafa yara ke kai su tun jajibiri, suna tafe suna hutawa, doki ya isa jikinsa a sake. Ban ce kada ka saya ba. Na san in ran mai doki ya kwanta a kan abu, magana ba ta tayar da shi.

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Na karanta wa Yaya saƙonku daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya ya ce dama yana jira ya ga ranar da zan furta. Sharaɗinsa: ba ranar aiki ba, ni zan tuƙa ba yaron shago ba, kuma kuloci in ya mutu nawa ne.

Likita, na gode ƙwarai. Na auna shi da tef ɗin matata, da ƙyar ya tsaya, yana ta waiwayen abin. Ƙirji 165, tsawo 150, ya ba ni 344kg. Ashe na yi masa ƙarin buhu biyu da 'yar ɗoriya. Ke nan 880 da 344 sun zama 1,224. In na ɗauki 1,400 ɗin da Oga ya ambata, akwai sauran sarari. In ɗan Sudan ya shiga an haura 1,600, wannan magana ta mutu, zan san yadda zan gaya wa abokina. An ɗage robar kuma, sukundireba ta shige a kusurwar hagu ta baya kamar a cikin burodi. Na sa an gaya wa mai ita, ya rage kuɗi.

Oga Bakanike, sirdi da jalala da jarkokin ruwa fa, a tirela ko a mota? Kuma wane gudu zan riƙe?

Bakaniken Muciya ya rubuta:

A mota, kuma a tsakiyarta, gaban tayoyin baya kaɗan, a ɗaure. Wannan yana rage wa tirela nauyi, yana kuma ba gindin motar abin da zai danne shi. Ko buhun abincin kaji huɗu ka bari a ciki ba laifi. Kada dai ka jibge su a bakin ƙofar baya, don can ƙwallon ma yana danna nasa. Bakin tirela ya kamata ya sauke nauyi a kan ƙwallon, kamar 60 zuwa 80kg a irin wannan lodin, matuƙar bai wuce abin da ke rubuce a ƙarfen jan ba. In ka ga mutum ɗaya yana ɗaga bakin da hannu ɗaya, gaba ya yi sakayau, za ta yi ta kaɗa jela. In an haɗa su kuma ka koma nesa ka duba, tirelar ta kwanta daidai, kada gabanta ya ɗaga ko ya dunƙusa, don mai taya huɗu in ta karkata, biyu ne ke ɗaukar wahalar.

1,400 ɗin nan ka ɗauke shi a matsayin rufi, kuma ka sa masu sayar da Toyota su duba maka da lambar shasi. Tunda harkar abincin kaji kake, kamfanin da kuke sari ba zai rasa sikelin manyan motoci ba. Ka roƙe su ka hau da tirelar bayan an sa sabon daɓe, don katako sabo mai kauri yana ƙara nauyi a kan abin da ke farantin.

Gudu, 60 ya ishe ka. Titin Kaduna zuwa Kano da aka sabunta yana da daɗi, shi ne haɗarinsa, ƙafa tana nutsewa ba ka sani ba. Ka manta da giya biyar, huɗu za ka zauna, a gangara ka sauko uku injin ya riƙe. Tazarar da ka saba bari ka ninka ta. In babbar mota ta wuce ka za ka ji iska ta ja ku, in jela ta fara kaɗawa kada ka taka birki, kada ka bi ta da sitiyari, ɗaga ƙafa kawai ka riƙe shi miƙe har ta lafa. A wanke lagireto kafin fitar farko, idonka a kan allurar zafi. Mai wayarin ya haɗa maka soket na fitilun baya, ka ƙirga ƙafafun fulogin tirelar tukuna, na Ingila akwai mai 7 akwai mai 13.

Wani abu da ba a tunawa sai an haɗa: ƙofar bayan Homa sama take ɗagawa, takan bugi hannun 'yar tayar gaban tirela. Ka gwada a hankali kafin ka fasa gilashin Yaya. Fitar farko kuma ba doki, ka zuba buhu goma sha huɗu a ɓangaren hagu, nauyinsa ke nan, ka je Mararrabar Jos ka dawo, ka taɓa kowane wili da bayan hannu. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na kamawa ko boris ne, wanda ya yi sanyi ƙalau kuma birkinsa ba ya aiki.

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

An gama, Oga. Ranar Asabar zan shiga Kaduna da kafinta ya auna daɓen, a kan Kanta za mu ɗoro ta zuwa Zariya tunda ba birki. Wanda ya san inda ake samun wayoyin birkin irin wannan tirelar, a Panteka ko a Kano, ya taimaka ya faɗa mini kafin Juma'a.